Shanyar da Motar Shara Ta Kwashe

A shekarar da aka yi wasannin Olympics a China ina Guangzhou, ina karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke Tianhe. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya daɗe yana zuwa garin saro yadi da takalma, har ya kama hayar ƙasan wani tsohon bene a wani lungu da ke bayan Guangyuan Xilu. Ɗaki ɗaya na kaya ne, ɗaya na kwana, falon kuma a nan ake salla. Shekarar an tsaurara biza, mutanenmu da yawa sun koma gida, waɗanda suka rage kuwa, na Kano da na Maradi da 'yan tsirarun mutanen Gana, a falon Kawu suke haɗuwa. Ni nakan je ranar da ba ni da aji in yi musu tafinta. Farfesa suke ce min, kuma na san rabin sunan zolaya ne.

Akwai wani Alƙur'ani a wurin Kawu wanda kakana na wajen uwa ya rubuta da hannunsa. Irin na da ne, ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne a cikin gafakar fata. Da kakan ya rasu, mahaifiyata ta so a bar shi a gida a Kano, amma Kawu ne babba, ya ce shi ba ya tafiya sai da shi. Ba ta yi masa musu ba. Sai dai duk ranar da na kira ta, in ta gama tambayar lafiyata da karatu, sai ta ce, "Alƙur'anin Malam fa, yana nan?" In ce yana nan, Umma. Ina jin ba ta taɓa ajiye waya ba tare da ta yi wannan tambayar ba.

Guguwar ta zo a cikin azumi, bayan an gama wasannin. An yi ta sanarwa tun kafin ta iso, amma mu ba mu san irinta ba, mun ɗauka iska ce da ruwa kamar ta farkon damina a gida. Ranar a wurin Kawu na kwana. Da gari ya waye ruwa ya kusa kai gwiwa a cikin falon. Kwalayen takalma sun taso suna yawo, ɗaya ya ture ɗan teburin da gafakar take kai. Ni na tsamo ta. Da na buɗe na ga ruwan ya ci gefen fallayen, tawadar ta fara nasowa, amma tsakiya da sauran lafiya. Kawu ya karɓa ya rungume.

Da ruwa ya janye muka fito ƙofa. Lungun ya cika da rassan itatuwa, da allunan shaguna, da karyayyun lemomi, da katifun maƙwabta da aka fara jawowa waje. Can sai ga wata mata daga kwamitin unguwa, da jan ƙyalle a damtse, tana tafe tana magana a lasifika. Da yaren garin take yi, ni kuwa Sinancin makaranta na iya, don haka na tsayar da ita na roƙe ta ta maimaita min. Ta maimaita. Na sake faɗa mata abin da na fahimta don ta tabbatar min, ta ce haka ne. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, na fi son a gaji da tambayata da in kai saƙo a karkace.

Mu uku ne a ƙofar: ni, da Kawu, da wani Alhaji mutumin Maradi da ya sauka a gidan, mai sayen kayan mata.

Kawu ya ce, "To Farfesa, me take cewa?"

Na ce, "Abu biyu ta ce, Kawu. Na farko, duk abin da ya lalace a fito da shi bakin titi, itace gefe, kayan ɗaki gefe. Motoci za su riƙa zagayowa a 'yan kwanakin nan, babu tsayayyen lokaci. Na biyu, duk abin da suka tarar a bakin titi shara ne a wurinsu. Ba za su tambayi mai shi ba. Ta ce kada kowa ya ajiye abin da yake so a waje."

"Ko da mutum yana kusa?"

"Ta ce komai, Kawu."

Ya yi dariya ya ce, "To matso daga bakin titin nan, kada su haɗa da kai. Me zan ce wa Ummanka?"

Alhajin Maradi ya ce, "Wanga ai ba su ɗaukarshi, ba ya da nauyin da za a saida." Muka yi dariya gaba ɗaya.

Mun wuni muna fitar da kafet da kwalayen da suka ruɓe. Ba wuta, fanka ba ta aiki, sama kuma a lumshe. Na je wurin maigadin benen na karɓo mukullin rufin sama, domin can ne wurin da za a iya shanya ba tare da fargaba ba. Benen ba shi da lif, Kawu kuma yana fama da ciwon gwiwa. Na ce masa malamin da ke duba aikina yana nemana a makaranta washegari da safe, amma da na gama zan dawo mu hau tare, in kwaso tsofaffin jaridu mu jera fallayen a inuwa. Na ɗora gafakar a saman durowa, na ce ya bar ta a nan. Ya ce, "Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Washegari rana ta fito da ƙarfi. Ina so in yi wa Kawu adalci a nan, domin na sha tunanin wannan ranar. Duk wanda ya tashi a Kano, in ya ga irin wannan rana bayan ruwa, shanya ce za ta fara zuwa masa a rai. A gida ƙofar gidanka taka ce. Ka shimfiɗa tabarma ka baza barkono ko hatsi ko littattafai, ka shiga ciki, masu wucewa su ratse, in akuya ta nufo wani ya kore maka ita. Abin da Kawu ya yi ke nan. Ya shimfiɗa busassun kwalaye a dakalin bakin titi, dab da tarin tarkacenmu, ya jera fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora wa kowanne ɗan dutse. Ya zauna yana gadi har azahar, sannan ya shiga salla. Da ya idar ya ɗan kishingiɗa, ga azumi ga gajiya. Wannan duk daga baya na haɗa shi.

Na iso bayan la'asar da jaridu a hammata. Lungun fes, har an wanke shi da ruwa. Na tuna har yaba musu na yi a raina. Da na shiga falon na tarar da mutane sun taru don buɗa-baki. Gafakar tana gaban Kawu a buɗe, babu komai a ciki.

Kawu ya ce, "Ga shi nan ya zo."

Na durƙusa na gaishe su. Ba Kawu ne ya gaya min abin da ya faru ba, wani dattijo mai sayen atamfa ne ya gaya min. Ban gama fahimta ba sai na ji Kawu yana magana, ba da ni ba, da jama'a.

"Na tambaye shi a ƙofar nan. Na ce wannan mata me take cewa? Ya ce itace za su kwasa da katifu. Na ce in mutum ya yi shanya fa? Ya ce ba komai. Da ya ce min za su haɗa da komai, ni mahaukaci ne zan fitar da rubutun mahaifina?"

Na ce, "Kawu, ina jin ai na ce..."

Dattijon ya katse ni. "Kana ji, ko ka ce?"

Haka nake magana tun ina ƙarami, ba na iya fuskantar babba in ce masa ba haka ba ne kai tsaye. Amma na ce ɗin. Na gyara zama na ce na faɗa, na ce abu biyu ne, kuma Alhaji yana wurin. Kowa ya juya wajen Alhajin Maradi. Yana raba dabino a faranti. Bai ɗago ba, ya ce shi hankalinsa na kan kayansa da suka jiƙe a lokacin. Wani daga bayan falon ya ce, "Yaren Canis ɗin nan, na littafi daban, na titi daban." Aka kira salla. Na karɓi dabino na riƙe, ban san lokacin da na ci ba. Abin da ke raina kawai shi ne wayar da za a buga Kano, da wanda zai riga bugawa.

Da sassafe na fara nema. Maigadi ya karkaɗa hannu ya ce meyo, wato babu, bai ga komai ba. Na samo matar kwamitin a ofishinsu, ta gane ni, ta ce ai ta gaya min. Na ce haka ne, ta gaya min. Ta kwatanta min wani fili a ƙarƙashin gadar sama inda motocin unguwar suke juye kaya kafin a wuce da su bayan gari. Ina fitowa na ga Alhajin Maradi tsaye yana jirana. Ban kira shi ba. Ya ce, "Mu tahi."

Filin ya fi yadda na zata girma. Rassa tsibi guda, katifu da kujeru tsibi guda, sauran tarkace kuma a cakuɗe, ga wari, ga ƙudaje. 'Yan jari-bola na can da kekunansu masu ƙafa uku suna tsintar kwali da ƙarfe. Na sami mai kula da wurin, na ce masa laoban, kamar yadda ake kiran kowane mai gida a kasuwa, na yi masa bayanin cewa takardu ne na ibada, rubutun kakana. Ya saurare ni sosai. Ya ce kayan jiya an riga an kwashe mafi yawansu, amma ya nuna mana kusurwar da motar layinmu take juyewa, ya ba mu safar hannu.

Mun daɗe muna tono. Alhaji, da shekarunsa da farar rigarsa, ya tattare hannu ya shiga har gwiwa. Rana ta take, bakina ya bushe har harshena yana mannewa. Na gane wani yanki na kafet ɗinmu, kore mai zanen baka, muka bi ta nan. A ƙarƙashin wani jiƙaƙƙen kwali muka sami 'yan fallaye sun manne da juna. Ba su da yawa, duka ba su kai kaurin ɗan yatsa ba. Wasu ana iya karantawa, wasu tawadar ta zama girgije. Alhaji ya cire hularsa ya sa su a ciki. Muka ci gaba har aka ce za a rufe, ba mu ƙara samun ko ɗaya ba.

A bas, muna dawowa, na ce, "Alhaji, kana wurin."

Ya ce, "Ina wurin."

"Ka ji abin da na faɗa."

"Na jiya. Abu biyu ka ce."

"To ka faɗa musu mana."

Ya juya wajen taga. Sannan ya ce, "Ɗana, mi kake so in yi? Shi ne mai masaukina. Da adireshinshi anka yi mini rajista wurin 'yan sanda. Shekarar ga in ya ce in fita, otal ba su karɓarmu. Kuma ko ba wannan, ka taɓa ganin an tada dattijo gaban jama'a don a wanke yaro? Ka yi haƙuri. Allah ya sani, ni ma na sani."

Na san ya shiga bola da azumi saboda ni, kuma na san iyakar abin da zai yi ke nan.

Na kai wa Kawu fallayen. Ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce Allah ya yi min albarka. Har ga Allah na ɗauka shi ke nan, zai gyara maganar da bakinsa. Na yi masa uzuri a raina, na ce firgici ne ya sa shi, yanzu da ya nutsu zai faɗi gaskiya, ko da a kaikaice ne.

Ranar Juma'a bayan an sha ruwa ya yi gyaran murya. Ya ce yana so jama'a su shaida. Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, kuma wata ne na yafiya. Ya ce yaron nan ɗansa ne, bai yi da gangan ba, yaren mutanen nan da wuya, ko su kansu ba sa jin juna. Ya ce shi ya yafe min duniya da lahira, kuma yana roƙon kowa kada ya ƙara tayar min da maganar.

Aka yi ta cewa madalla. Dattijon mai atamfa ya ce, "Alhaji, ka yi halin manya." Suka riƙa miƙo min hannu ɗaya bayan ɗaya, ina karɓa. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Farfesa, sai dai a koma aji ɗaya." Aka yi dariya, irin ta sauƙaƙa wa mutum. Alhajin Maradi ya tashi ya ce zai sake alwala.

Na yi ta jinkirin kiran gida, ina shirya yadda zan fara. Da na shiga shagon waya na kira, Umma ta tambayi lafiyata, ta tambayi karatu, sannan ta yi shiru a daidai inda takan yi tambayar nan.

Ta ce, "Yaya ya gaya min komai."

"Umma..."

"Ya ce kada in yi maka faɗa. Ya ce da kansa ya shiga bola da azumi a bakinsa ya tsinto abin da ya samu, zai aiko min. Ka je ka yi masa godiya, ka ji? Da wani ne da ba haka ba."

Na ce, "Umma, ba haka aka yi ba."

Ta ce, "Ba na son jin komai yanzu. Ka je ka yi abin da na ce." Sai na bari.

Na je da safe, lokacin da na san ba kowa. Na tarar da shi yana manne kwalaye da salatif. Na gaishe shi, na ce Umma ce ta aiko ni in yi godiya. Ya ce ba komai. Na kama masa bakin kwalin, ya ja salatif ɗin. Sannan na ce, a hankali, "Kawu, ai na gaya maka kada a ajiye komai a waje."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce bai tuna ba. Da ya ce bai tuna ba, ina jin da na yarda, da na sami abin riƙewa. Sai ya ajiye salatif ɗin ya zauna a kan kwali yana murza gwiwarsa.

Ya ce, "Ka gaya min."

Na saki bakin kwalin.

"Ka san Ummanka. Tun ranar da na ɗauko littafin nan ba ta so ba. In ta ji ni na fitar da shi da hannuna bayan an gargaɗe ni, ba za ta ƙara kallon fuskata ba har ɗayanmu ya mutu. Mu biyu muka rage. Kai kuwa ɗanta ne. Za ta yi fushi kwana biyu ta huce. Na duba, na ga a kanka abin ya fi sauƙi."

"Har da tsintowar, Kawu?"

Ya ce, "Miƙo min almakashin can."

Na miƙa masa. Na ci gaba da yi masa tafinta har na gama karatu, domin ban san yadda zan daina ba tare da an tambaye ni dalili ba. Muna zuwa kasuwar Liuhua tare, yana ciniki ina fassarawa, yana saya min abinci a hanya. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka.

Da na koma Kano na bari sai da baƙi suka ɗauke ƙafa. Wata safiya Umma tana tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna kusa da ita na ba ta labarin daga farko, da matar mai lasifika, da abu biyun, da Alhajin Maradi, da abin da Kawu ya faɗa min a kan kwali. Na yi ƙoƙari kada in ƙara ko in rage. Ba ta katse ni ba, hannunta kuma bai tsaya ba.

Da na gama ta ce, "Na riga na yafe maka tuntuni. Me ya sa kake so ka ɓata?"

"Umma, gaskiya nake gaya miki."

"Kuskure ba abin kunya ba ne, kowa yana yi. Amma ka ɗora wa wanda ya rufa maka asiri, wannan ban koya maka ba. Kada in ƙara ji."

Ba ta ƙara ji ba. Ban sani ba ko a can cikin ranta ta yi shakka, wataƙila ta yi, wataƙila ta zaɓi wanda za ta iya ɗauka ne kamar yadda Kawu ya zaɓa. Ba zan iya rantsewa ba. Ta huce kamar yadda ya ce, ba ta taɓa goranta min ba, tana sa min albarka kullum.

Shekarun baya da hawan jini ya kama ta, ni nake kai ta asibiti. Likitarta ba Bahaushiya ba ce, da Turanci take bayani, ni kuma in mayar wa Umma da Hausa: wannan ƙwayar da safe, wannan bayan cin abinci, a rage gishiri. Umma takan saurare ni har in gama, tana gyaɗa kai. Sannan ta juya wajen nas ɗin da ke tsaye ta ce, "'Yata, haka likitar ta ce?"